Ra'ayina kan inhelar asma mai laushin feshi, wadda ake cewa tana kaiwa har ƙasan huhu

Assalamu alaikum masu fama da asma da masu jinyar masu asma. Bari in faɗi abinda na gani game da inhelar nan da aka haɗa magani biyu a cikinta, beklometazon da fomoterol, wadda ake ta yabonta wai feshinta yafi na sauran laushi shi yasa take shiga har can ƙananan hanyoyin iska. Na jima ina amfani da ita, zumuɗin sabon abu ya riga ya wuce, dan haka inaga yanzu zan iya magana ba son rai. In a taƙaice kuke so, tauraro huɗu cikin biyar na bata. Amma a cikin huɗun nan ma gsky ɗaya ba nata bane, na sifesa ne, wata roba da ake soka inhela a jikinta a shaƙa, zan zo kan wannan.

Asalin wanda ya fara fito da ita kamfanin Chiesi ne na garin Parma a Italiya, wasu ƙasashen sunanta Foster, a Ingila kuma Fostair. Yanzu akwai wasu kamfanonin da suke yin irinta da nasu sunayen, tawa ma ɗaya ce daga cikin ire-iren, dan haka ku duba sunan magungunan dake jikin kwalin kawai kar ku tsaya kan sunan kasuwa. Kowane feshi ɗaya akwai maikirogiram 100 na beklometazon da maikirogiram 6 na fomoterol, akwai kuma mai ƙarfi 200 da 6. Gwangwani ɗaya feshi 120 ne. Beklometazon shine sitiroyid ɗin dake kwantar da kumburin cikin hanyoyin iska a hankali, fomoterol kuma shine mai buɗe hanya, cikin minti ɗaya zuwa uku zakaji ya fara aiki kuma yana kaiwa awa 12.

Abinda yasa aka canza min zuwa gareta shine wani abu da nasan da yawanku kun sani. Kaje asibiti a baka bututun nan ka hura da iya ƙarfinka, gwajin sifirometiri kenan, sakamako ya fito ace maka ai huhunka ba laifi, kai kuma ka san da asuba tari ke tashinka, ka hau bene hawa biyu sai ka tsaya ka dafa bango, shuɗiyar inhelar salbutamol kuwa ta zama kaman mabuɗin gida duk inda zaka tana aljihu. Har ka fara tunanin ko ana ganin raki kake. To likitan huhun da na gani ne ya zauna ya min bayani, kuma daga baya na bi na karanta da kaina na ga haka abin yake. Hanyar iska tun daga maƙogwaro rabuwa take yi biyu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, har wajen sau 23 kafin a kai ƴan buhunan da iska ke shiga jini. Daga wajen rabuwa ta takwas zuwa ƙasa faɗin cikin kowace hanya bai kai milimita 2 ba, su ake cewa ƙananan hanyoyin iska. Sabida yawansu, dubbai ne birjik, ko da wasu masu yawa sun kumbura sun cushe da majina iska sai ta bi ta sauran, shi kuma gwajin hurawa musamman lambar FEV1 ɗin da ake kallo, wato yawan iskar da ka hura a daƙiƙar farko, yafi nuna halin da manyan hanyoyin ke ciki. Shi yasa takarda zata ce lafiya lau ƙirji kuma yace ƙarya ne. Akwai wani gwajin daban, osilometiri, shi ba sai ka hura da ƙarfi ba numfashi kawai zakayi yadda ka saba na'ura tana tura sauti cikin huhun tana auna yadda ya dawo, shi yafi kamo matsalar can ƙasa, sai dai ba kowane asibiti ke dashi ba.

Kuma maganar ba sabuwa bace ko kaɗan. Tun 1968 wasu masu bincike uku a jami'ar McGill ta Montiriyal a Kanada, Hogg da Macklem da Thurlbeck, suka nuna cewa a cutar toshewar huhu ta dindindin wadda ake kira COPD ainihin inda toshewar take a waɗannan ƙananan hanyoyin ne. Matsalar da aka daɗe ana fama da ita itace yadda za'a kai magani can. Ka ɗebi yashi ka watsa daga bakin ƙofa, nan bakin ƙofar zai zube, amma ƙura ita har ƙuryar ɗaki sai ta shiga ta kwanta. Haka ƙwayoyin feshin inhela suke. Wanda ya haura maikiron 5 yawanci a baki da maƙogwaro yake mannewa ka haɗiye shi, maikiron ɗaya fa milimita ɗaya ne aka raba gida dubu. Yawancin inhelolin da muka saba dasu ƙwayoyinsu tsakanin 2 zuwa 5 suke. Ita kuwa wannan matsakaicin ƙwayarta bai kai maikiron 2 ba, dukkan cinikin a nan yake. An taɓa yin gwaji da na'urar dake ɗaukan hoton inda magani ya sauka, aka ga kusan kashi ɗaya bisa uku na feshin yana isa huhu, masu lafiya da masu asma da masu COPD duk kusan ɗaya. Wani zai ce ashe kashi biyu asara suke, eh haka ne, amma tsofaffin inhelolin da ake yi a da ko kusa da haka basa kaiwa.

Abin dariya ma wannan laushin feshin ba dan mu aka fara nemansa ba. Inhelar matsawa tun 1956 aka ƙirƙiro ta a Amurka, kuma shekara da shekaru iskar CFC ce ke tura maganin, sai aka gano iskar tana cinye rufin ozon na sararin sama, ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal a 1987 kan a daina ta. Montiriyal ɗin dai again, garin nan da huhu akwai ƙulli. Dole kamfanoni suka koma wata iskar mai suna HFA, ita kuma sai ya zamana beklometazon narkewa yake a cikinta idan an sa ɗan etanol, maimakon ya zauna gari gari yana yawo, da aka fesa sai ƙwayoyin suka fito ƙanana sosai. Daga nan aka samu Qvar, inhelar beklometazon shi kaɗai, daga baya aka samu wannan haɗin.

To yanzu yadda naji ta a jikina. Farko feshin bashi da wannan bugun sanyin da salbutamol ke yi a bayan maƙogwaro wanda kan sa mutum ya datse numfashi ba shiri, wannan a hankali yake fitowa kuma yana ɗan jimawa, har da farko na ɗauka ko bata fita ne. Tana da ɗan ɗanɗano da ƙamshin etanol ɗin nan, kaɗan ne sosai, ƴan miligiram ne a feshi, amma harshe yana ji. Buɗewar ƙirji kam tun ranar farko naji ta, wannan aikin fomoterol ne ba abin mamaki bane. Ainihin canjin sai bayan wasu makonni ya zo kuma ba da hayaniya yazo ba, kawai sai na lura ina kwana har gari ya waye ba tari, wannan ƙarar fito fito da nake ji a ƙarshen numfashi in na kwanta ta ragu sosai, sannan abinda yafi min daɗi, jin nan na kaman iskar da na shaƙa bata gama fita ba wata ta maƙale a ciki, shi ya tafi. Masu asma sun gane abinda nake nufi, ba shigar iskar bace wahalar, fitarta ce. Likita yace min wannan maƙalewar iskar tana daga alamun ƙananan hanyoyin ne, suna rufewa da wuri kafin huhu ya gama juye abinda ke cikinsa.

Abubuwan da ba daɗi suma akwai, kuma duk suna rubuce a takardar cikin kwali ba ɓoye su akayi ba. Kwanakin farko hannuna yana ɗan rawa, zuciya na bugawa da sauri na ɗan lokaci bayan na shaƙa, wani dare ma jijiyar ƙafa ta ɗaure min. Duk halin dangin fomoterol ne, salbutamol ma yana yi, a wajena da jiki ya saba sai suka lafa. Mai ciwon zuciya ko wanda bugun zuciyarsa ke tsalle tsalle dole ya gayawa likita kafin ya fara. Shi kuma sitiroyid nashi matsalar a baki take, dishewar murya da wani fari fari dake fitowa a harshe da dasashi na ƙwayar kandida. Maganinsa sauƙi ne, duk sanda ka shaƙa ka kurkure baki ka wasa ruwa a maƙogwaro ka tofar, ko ka haɗa shi da lokacin goge haƙora shikenan. Masu jin tsoron kalmar sitiroyid su kwantar da hankali, ba irin na masu ɗaga ƙarfe bane, kuma abinda kake shaƙa a maikirogiram ake auna shi yayin da ƙwayar firedinisolon da ake baka in asma ta kwantar da kai a miligiram ake auna ta, 40 ko 50 a rana. Wanda ya gudu daga ƙaramin yawanci babban yake faɗawa.

Wani abu da naji daɗinsa sosai shine tsarin da ake kira MART, wato inhela ɗaya ce ta kullum kuma ita ce ta gaggawa. Feshi ɗaya safe ɗaya dare, in ƙirji ya matse a tsakani ka ƙara ɗaya daga ita ɗin dai, amma duka duka kar ya wuce 8 a rana, kuma mai 100 da 6 ce aka yarda ayi haka da ita, ga manya ƴan shekara 18 zuwa sama, banda mai 200. Hikimar itace duk sanda ka nemi sauƙi to maganin kumburin ma ya shiga tare, ba kamar salbutamol ba da zai buɗe maka hanya na awa huɗu zuwa shida ya bar kumburin yana ci a ƙasa. Hukumar GINA mai fitar da ƙa'idojin kula da asma na duniya tun 2019 ta daina bada shawarar a bar babba ko matashi akan shuɗiyar inhela ita kaɗai, kuma sun ce mai shanye gwangwani uku ko fiye a shekara haɗarin mummunan tashin asma a kansa ya ƙaru. Ku lissafa naku. Hukumar lafiya ta duniya tace a 2019 mutum miliyan 262 ke da asma kuma ta kashe 455,000, ba ciwon wasa bane da za'a riƙa lallaɓa shi da shuɗiya kawai. A sauran inhelolin haɗi biyu, Symbicort ma ana yin MART da ita tunda itama fomoterol ne a ciki, amma Seretide a'a, salmeterol ɗin cikinta, wato nata mai buɗe hanyar, baya saurin kamawa. Kuma dan Allah kar wani ya karanta wannan ya canza tsarinsa da kansa, likita ne zai ɗora ka a kai. In kuma ya kai baka iya ƙarasa jimla ɗaya ba tare da ka tsaya numfashi ba, ko leɓe ya fara canza launi, wannan ba maganar inhela bace, asibiti kai tsaye.

Yanzu inda zan ɗan taka musu birki. Yadda ake tallan laushin feshin nan zaka ɗauka duk sauran inhelolin shirme ne, kuma ba haka bane. Babban binciken da ake yawan kafa hujja dashi, ATLANTIS, wanda aka wallafa a 2019, ya duba masu asma sama da 700 a ƙasashe da dama ya samu kusan kashi 91 cikin ɗari suna da wata alama ta matsalar ƙananan hanyoyin iska. Bincike ne mai kyau, amma abu biyu. Na ɗaya kamfanin Chiesi ne ya ɗauki nauyinsa, wannan baya nufin ƙarya ne amma ya kamata mai karatu ya sani. Na biyu shi ya nuna cewa matsalar tana nan ne, bai gwada cewa wannan inhelar tafi wata warkar da ita ba. Gwaje gwajen da aka kara ta kai da kai da Symbicort da Seretide kuwa abinda suka nuna shine tana yin daidai dasu a lambar hurawa da sauƙin alamu, da sitiroyid mafi ƙanƙanta a lamba. Daidai fa, ba ta ninka su ba. Dan haka wanda yake kan ɗaya daga cikinsu kuma asmarsa a kwance take, yana bacci lafiya yana aikinsa, ni banga dalilin da zai tada hankalinsa ba. Wanda nake ganin ya dace ya tada maganar da likitansa shine irina, mai shan magani yadda aka ce, gwaji yana fitowa da kyau amma dare da motsa jiki suna bashi wahala.

Sai sifesa, wannan robar mai kama da ƴar kwalba da ake soka inhelar a gindinta ka shaƙa ta ɗaya bakin. Mutane suna ganin ta yara ce da tsofaffi, wlh kuskure ne babba. Inhelar matsawa tana buƙatar ka danna a daidai lokacin da ka fara jan iska, ka ja a hankali ba fizga ba, kuma mutane da yawa ko sun shekara goma suna amfani da ita basa dacewa da wannan lokacin, sai su danna kafin ko bayan, maganin ya ƙare a harshe. Da sifesa feshin yana tsayawa a cikin robar ya jira ka, manyan ƙwayoyin da dama a maƙogwaro zasu manne sai su manne a jikin robar, ƙananan su wuce. Irin su AeroChamber Plus ma suna da ɗan usur, in ka ja da sauri sai tayi ƙara ta tona maka asiri. Feshi ɗaya a lokaci ɗaya, ba ka danna biyu ka haɗa ba. Ka fara fitar da iskar ƙirjinka gefe, ka kama bakin da leɓe ruf, ka danna, ka ja a hankali har ƙirji ya cika, sannan ka riƙe numfashi wajen daƙiƙa 10 ko iya yadda zaka iya. Riƙewar nan ga mai laushin feshi tafi muhimmanci ma, dan ƙwayar da tayi ƙanƙanta haka in baka bata lokaci ta sauka ba tare da iskar zata sake fitowa. Wankinta kuma da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka, ka barta ta bushe da kanta, kar ka goge cikin da tsumma sabida gogewar na tara wannan lantarkin dake sa abu mannewa a roba sai ya riƙe maganin. Ni dai sanda na haɗa inhelar da sifesa ne dishewar muryar ta tafi kuma sauƙin ya zauna daram, shi yasa nace tauraro ɗaya na sifesa ne. Inada yaƙinin wasu da suke cewa inhelarsu bata aiki, sifesa da minti biyar na koyarwa suke buƙata ba sabon magani ba.

Tauraron da na riƙe kuwa na ajiya ne. Ita wannan ta feshin kafin a baka a firij ake ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, bayan ka karɓa kuma kar zafi ya wuce digiri 25 kuma ƴan watanni kawai take da su, adadin na rubuce a takardarta, gara ka rubuta ranar da ka karɓa a jikin kwalin. To inhelar da aka ce itace ta gaggawarka, kullum tana jaka ko aljihu, ace kar ta wuce 25, ga duk wanda ke zaune inda ake zafi wannan ciwon kai ne, barinta a mota kuwa kar ma a fara. Haka nan ba'a cire gwangwanin daga robarsa a wanke da ruwa yadda muka saba da salbutamol, busasshen ƙyalle ko tishu kawai zaka sa ka goge bakin. In sabuwa ce ko ta kwana 14 ba'a taɓa ta ba sai ka fesa ɗaya a iska tukun. Lambar dake bayanta mai ƙirga sauran feshi tana da amfani sosai, dan gwangwanin ko maganin ya ƙare zaka ji yana motsi in ka girgiza, sai dai rubutun ƙanana ne mai raunin ido sai ya nemi tabarau.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya riƙe, lambobin jikin inhela ba'a gwada su kai tsaye. Takardar maganin da kanta tace maikirogiram 100 na wannan beklometazon mai laushi daidai yake da 250 na wanda ba mai laushi ba. Kenan in kana kan tsohuwar inhelar beklometazon mai 250 aka baka wannan mai 100 ba rage maka akayi ba, kar kace bari in ninka feshi in cike gibi.

Masu COPD nasu ya ɗan bambanta. Wani bincike da aka wallafa a 2018 da aka leƙa huhun mutane da na'urar hoto mai tsananin ƙarfi ya nuna tun cutar tana matakin farko kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙananan hanyoyin ƙarshe sun riga sun ɓace, kuma wanda ya ɓace ba inhelar da zata dawo dashi, sai dai a kare sauran, shi yasa barin taba da guje wa hayaƙi ke gaba da kowane magani. Akwai mai haɗin uku, Trimbow, da aka ƙara gilaikopironiyam, wani mai buɗe hanyar iska, akan biyun nan, Turai ta amince da ita dan COPD a 2017, itama mai laushin feshi ce. Amma su ba kowa ake bawa sitiroyid ba dan yana ƙara musu haɗarin nimoniya, likita kan duba yawan tashin ciwon da adadin iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, kafin ya yanke.

Wanda zafi ko danna da shaƙa ya dame shi akwai ta gari mai suna NEXThaler, magani iri ɗaya kuma itama ƙananan ƙwayoyi, bata son firij bata son sifesa, buɗe murfin ne ke ɗana ta, kana ja da ƙarfin da ya isa sai kaji tayi ƙas alamar maganin ya fita. Ita kuma akasin ta feshi ce, da ƙarfi ake janta ba a hankali ba, danshi ne abokin gabarta kar a hura iska a cikinta, kuma akwai laktos a garin dan haka mai rashin jituwa da furotin ɗin madara ya faɗa kafin a rubuta masa.